Likita a Yamai, Ɗalibi a Ƙetare: Yadda Baƙon Likita Ke Samun Ƙwarewa a Cututtukan Cikin Jiki

Ba a koya wa mutumin Adar ma'anar tafiya bida. Tun zamanin kakanni, da zarar an ɗaure damman gero an kai rumbu, samari ke kama hanyar Abijan ko Legas ko Kamaru, daga baya kuma Libiya da Aljeriya, kuma kowace uwa a Tawa ta iya lissafin watannin ɗanta da irin saƙon da ake sa ran zai aiko kafin salla. Amma akwai matafiyi ɗaya da wannan lissafi bai hau kansa ba, shi ne likitan da ya gama karatu a Yamai ya fita waje neman ƙwarewa. Da an ji cewa Dokta ya tafi Amurka ko ya samu Faransa sai a ɗauka kakarsa ta yanke saƙa, a fara jera masa buƙatu, alhali shi a can ya koma matsayin da bai kai wanda ya bari a gida ba. Mutumin da a nan yake rubuta takardar magani da ikon kansa, ma'aikatan jinya suna jiran umarninsa, can sai ya zama ɗalibin da ba ya sallamar majiyyaci sai da yardar na gaba da shi. Haka aka gina tsarin tun asali, kuma ya kamata dangin likita da ɗaliban da ke mafarkin bin sawunsa su san yadda yake tafiya.

Da farko, shi fannin cututtukan cikin jiki kansa me ya ƙunsa? A asibiti akwai masu fiɗa, akwai likitocin yara, akwai na mata da haihuwa. Babban mutum da ciwonsa ke cikin jiki, kuma maganinsa ba wuƙa ba ce, shi ne rabon wannan fanni: hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta da na huhu, cututtukan jini, da zazzaɓin da aka rasa gane kansa. Idan gwanintar mai fiɗa a hannu take, ta wannan likita a tunani take. Dattijo ne zai zo ƙafafunsa a kumbure, numfashi yana yi masa wuya, fitsari ya ragu, aikin likitan kuwa shi ne ya gano ko zuciya ce ta gaza ta ja ƙoda, ko ƙoda ce ta fara lalacewa ta ɗora wa zuciya nauyi, ko hanta ce tushen abin, sannan ya zaɓi maganin da zai agaza wa gaɓa ɗaya ba tare da ya durƙusar da ɗayar ba. Irin wannan tunani ba ya zama a kan mutum ta karatun littafi kaɗai, sai ya ga ɗaruruwan marasa lafiya a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi, kuma wannan ne ake kira horon ƙwarewa.

Sunan fannin ɗaya ne a Faransa da Amurka, amma abin da ake nufi da shi ya sha bamban, kuma mai karatun Faransanci yakan ruɗe a nan. A Faransa fanni ne ƙarami mai shekara biyar, wanda masu shi suka fi shahara da cututtukan da ba a cika gani ba, irin waɗanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. A Amurka kuwa shi ne babbar ƙofa. Horonsa shekara uku ne, kuma duk mai son zama likitan zuciya, ko na ƙoda, ko na hanji, ko na ciwon daji a manya, sai ya bi ta cikinsa kafin ya ƙara shekara biyu ko uku. A shekarar 2024 an buɗe gurabe sama da 10,000 a wannan fanni kaɗai, kuma babu fannin da ya kai shi ɗaukar baƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗaliban da suka yi karatu a Amurka suna fitowa da bashin makaranta mai nauyi, da yawansu kuma suna karkata ga fannonin da suka fi kawo kuɗi da asibitocin manyan jami'o'i, sai asibitocin unguwannin talakawa da na ƙananan garuruwa su cike gurabensu da waɗanda suka zo daga Indiya, Pakistan, Masar, Najeriya da sauransu. Kusan likita ɗaya cikin huɗu da ke aiki a Amurka a wata ƙasa ya yi karatun likitancinsa. Saboda haka baƙon likita buƙatarsa ake yi, ko da yake yadda ake tace shi kafin ya shiga zai sa ya ɗauka alfarma ake yi masa.

Mu ƙaddara wani matashi ne daga Tawa, ya ci jarrabawar bakaloreya, ya shiga tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni, ya kwashe wajen shekara takwas tsakanin aji da ɗakunan babban asibitin ƙasa da na Lamorde, ya kare kundinsa a gaban malamai, ya yi rantsuwa. A idon hukumomin Amurka, wannan digiri izinin neman izini ne kawai. Akwai wata hukuma mai suna ECFMG da ke birnin Filadelfiya, wadda tun 1956 aikinta tantance likitocin da suka yi karatu a waje. Ita za ta duba ko makarantarsa tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya da sharaɗin da take buƙata, sannan ta tuntuɓi makarantar kai tsaye ta tabbatar da takardunsa, abin da kan ci watanni idan ofishin da zai amsa wasiƙar ba ya gaggawa. Bayan haka sai jarrabawar USMLE, wato ta neman izinin aikin likita a Amurka, mai mataki uku. Matakin farko wuni guda ne na awa takwas a gaban kwamfuta, a kan tushen ilimin likitanci: ginin jiki, yadda gaɓoɓi ke aiki, ƙwayoyin cuta, yadda magani ke tafiya a jini, wato darussan da likitanmu ya bari tun ajin farko-farko. Mataki na biyu awa tara ne, a kan gano cuta da yi mata magani. A 2025 kowane ɗaya kuɗinsa ya haura dalar Amurka 1,000, kuma a nan sai a yi hattara, domin ba dalar kasuwar Tawa ake nufi ba, wadda biyar ce kacal ta sefa. Ana rubuta jarrabawar ne a cibiyoyin kamfanin Prometric, waɗanda ba kowace ƙasa ke da su ba, don haka sau da yawa kuɗin jirgi da masauki na hawa kan kuɗin rajista.

Abubuwa biyu sun sauya a ƴan shekarun nan, kuma dukansu sun shafi baƙo. A 2021 aka soke jarrabawar da ake zuwa Amurka a yi a gaban masu kwaikwayon marasa lafiya, aka maye gurbin ɓangaren harshenta da jarrabawar Ingilishin ma'aikatan lafiya mai suna OET. Daga Janairun 2022 kuma aka daina ba da maki a matakin farko, sai dai a ce mutum ya ci ko ya faɗi. A da, baƙon da ba a san makarantarsa ba yakan nuna kansa da maki mai yawa a wannan mataki, yanzu nauyin duka ya koma kan mataki na biyu. Faɗuwa kuwa ba ta gogewa, tana nan a takardar sakamako duk inda aka aika ta. Ɗan Najeriya ko ɗan Gana yana shiga wannan fage da harshen da ya yi karatu da shi, ɗan Nijar kuwa sai ya sake koyon likitancin gaba ɗaya da Ingilishi, ya kuma iya karanta tambaya mai tsawon rabin shafi ya amsa ta cikin minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi. A ganina wannan shi ne shingen da ya fi kowane tsawo, kuma shi ne dalilin da ya sa likitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci ba su da yawa a wannan hanya.

Cin jarrabawa bai ba mutum gurbi ba. A watan Satumba ake aika takardun nema ta intanet, kowane asibiti da kuɗinsa, kuma baƙo yakan aika wa asibitoci fiye da ɗari don ya samu ƴan ƙalilan su kira shi ganawa. Suna duba makinsa, da shekarar da ya gama makaranta, domin da yawa ba sa son wanda ya daɗe da gamawa, da kuma wasiƙun shaida daga likitocin Amurka da suka gan shi a asibiti. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana nufin sai ya je can da kuɗinsa ya yi makonni yana bin likitoci a baya, yana kallo, ba ya taɓa majiyyaci. Bayan an gama ganawa, kowane mai nema zai jera asibitocin da yake so daga na farko zuwa na ƙarshe, kowane asibiti ma ya jera waɗanda yake so, sai kwamfuta ta haɗa jerin biyu. An kafa wannan tsarin haɗi a 1952, kuma Alvin Roth, masanin tattalin arzikin da ya gyara lissafinsa, yana cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2012. A tsakiyar watan Maris, ranar Litinin ake sanar da mutum ko ya samu, ranar Juma'a kuma a faɗa masa inda ya samu. Ba shi da ikon cewa garin bai yi masa ba, domin ya riga ya sa hannu cewa zai karɓi duk inda aka tura shi. Cikin baƙin da ba ƴan ƙasa ba da suka kai wannan mataki, wajen shida cikin goma ne ke samu. Sauran huɗun sai su jira wata shekara, da sabon kashe kuɗi, digirinsu kuma ya ƙara tsufa.

Ranar 1 ga Yuli, ko ƴan kwanaki kafin ta, ake fara aiki. Asalin wannan tsarin horo yana komawa ga likita William Osler a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, wanda aka buɗe a 1889, inda matasan likitoci ke kwana su tashi a cikin asibitin, sunan da ake kiransu da shi a Ingilishi ma ma'anarsa mazauna. Yau ba sa zama a ciki, amma bambancin kaɗan ne. Ɗan shekarar farko yana isowa kafin gari ya waye, ya karɓi bayanin dare daga wanda ya kwana, ya duba sakamakon gwaje-gwajen jini a kwamfuta, ya bi marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda doka ta ce kada su wuce goma. Da hantsi sai babban likita ya zo zagaye, shi kuma ya tsaya ya gabatar da kowane majiyyaci bisa tsari sananne: abin da ya faru cikin dare, abin da ya gani a jiki, abin da gwaji ya nuna, abin da yake zato, da abin da yake son a yi game da kowace matsala. Sama da shi akwai ɗan shekara ta biyu ko ta uku mai kula da tawagar, sama da wannan kuma babban likitan da alhakin ƙarshe ke wuyansa. Ragowar wunin yana tafiya ne a rubutu, da kiran likitocin wasu fannoni, da karɓar sababbin marasa lafiya daga sashen gaggawa. Kusan kowane wata ana sauya masa wuri: ɗakin kwanciya, sashen masu tsananin ciwo, aikin dare, ɗakin ganin masu zuwa su koma gida.

Game da awoyin aiki akwai labarin da ya kamata a sani. A 1984 wata budurwa mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a birnin Niyok a hannun matasan likitocin da suka daɗe ba su runtsa ba, mahaifinta kuma, wanda ɗan jarida ne, ya ƙi barin maganar ta mutu. Jihar Niyok ta kafa dokar taƙaita awoyi a 1989, sannan a 2003 hukumar da ke kula da horon likitoci ta shimfiɗa ta ga ƙasar baki ɗaya: kada a wuce awa 80 a mako idan aka daidaita makonni huɗu, a kuma samu hutun kwana ɗaya cikin bakwai. Gadi guda yana iya kai awa 24, da ƙarin huɗu na miƙa aiki. Wato abin da aka kira sauƙi shi ne ninkin awoyin ma'aikacin gwamnati a Yamai. Likitan da ya saba gadi a babban asibitin ƙasa, inda mutum ɗaya kan kwana da ɗaki cike, ba tsawon awoyin ne zai ba shi tsoro ba. Abin da zai gajiyar da shi shi ne rubutu, domin a can duk abin da ba a rubuta a kwamfuta ba tamkar ba a yi shi ba ne, kuma da wannan rubutu kamfanin inshora ke biya, da shi lauya ke kai ƙara.

Watannin farko cike suke da ƙananan tuntuɓe da ke sa gwani ya ji kamar baƙauye. A Yamai ana cewa hawan jinin mutum 14 bisa 9, can sai a ce 140 bisa 90. Sukarin da ya saba karantawa 1,26 giram a lita, can 126 ne da wani ma'auni. Zazzaɓin 38 ya koma 100.4. Farasitamol sunansa asetaminofen, salbutamol kuma albuterol, kuma majiyyaci ba zai ambaci ko ɗaya daga ciki ba, sunan kamfani zai faɗa. Ga gajerun haruffa da ma'aikata ke jifan juna da su a waya, ga karin harshen tsoho ɗan ƙauyen kudu ko na baƙon da ya zo daga Meziko. Waɗannan duka suna wucewa cikin wata shida. Abin da ba ya wucewa da sauri shi ne matsayi: ma'aikaciyar jinya tana da ikon ƙin aiwatar da umarninsa idan ta ga kuskure, mai harhaɗa magani zai kira shi ya gyara masa awo, ɗalibin da ke ƙasa da shi ma ana ba shi takarda ya auna shi. Wanda ya taso a tsarin da ba a ɗaga ido a kalli farfesa sai ya koyi faɗin ra'ayinsa a gaban babba, domin shirun da a gida ladabi ne, can rashin sani ake ɗaukarsa.

Mafi nauyi duka shi ne zancen mutuwa. A asibitocinmu, idan aka gano ciwon da ba ya jin magani, babban ɗa ko ƙanen uba ake ja gefe a faɗa wa, su kuma su ce wa mara lafiya da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa, kowa ya san abin da ake ciki ba tare da an furta ba. A Amurka haƙƙin majiyyaci ne a faɗa masa ƙarara, kuma bayyana wa ɗan'uwansa ciwonsa ba da izininsa ba laifi ne a doka. Ƙari a kan haka, duk wanda aka kwantar ana tambayarsa tun ranar farko: idan zuciyarka ta tsaya, kana so a danna ƙirjinka a sa maka injin numfashi, ko a bar ka? Likitan da ya tashi da tarbiyyar cewa rai na Allah ne, ba a yi masa wa'adi, sai ya koyi yin wannan tambaya sau da yawa a wuni, ya kuma zauna da iyali a tattauna cire injin daga jikin mahaifinsu. Akwai kuma kaɗaici. A Tawa majiyyaci ba ya zuwa shi kaɗai, masu jinya na shimfiɗe da tabarmi a inuwa, suna kawo fura da tuwo, suna zuwa farmasi sayen abin da aka rubuta. Can zai ga tsohuwa mai shekara 90 ta yi mako biyu a gado babu wanda ya leƙo, kuma abin da ke hana a sallame ta rashin wanda zai karɓe ta ne, sai an nema mata gidan kula da tsofaffi da inshorarta za ta biya.

Kada a ɗauka hannu biyu ya zo. Wanda ya koyi aiki inda hoton ƙirji sai an sayar da akuya ya iya sauraren huhu da taɓa ciki, ya iya yanke hukunci da ɗan abin da ke gabansa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tarin fuka, sanƙarau, taifot, sikila, gazawar zuciya bayan haihuwa wadda aka daɗe da sanin yawanta a ƙasar Hausa: abokan aikinsa a littafi suka karanta mafi yawansu, shi kuwa ya kwana da su. Abin da zai koya sabo shi ne kula da tsoho mai cuta shida da magani goma sha biyar, da illar giya da miyagun ƙwayoyi, da sarrafa injinan sashen masu tsananin ciwo, da kuma yawan gwaji, wanda wani lokaci tsoron ƙara ne ke sa a yi shi, ba buƙatar majiyyaci ba.

Albashin shekarar farko yana tsakanin dalar Amurka 60,000 da 70,000 a shekara a mafi yawan asibitoci. Idan aka juya shi zuwa sefa ya haura miliyan 30, kuma wannan adadi ne ke isa kunnen dangi. Abin da ba ya isa shi ne haraji, da hayar ɗaki da kan cinye kusan rabin abin da ya rage a manyan birane, da mota wadda dole ce a ƙananan garuruwa, da bashin da aka ci don jarrabawa, da kuɗin mataki na uku na USMLE wanda kwana biyu ake yinsa. Saƙon murya kuwa ba ya yankewa a WhatsApp: Yaya, an rubuta wa Inna magani, Dokta, ga hoton takardar gwajin Baba, ka duba mana. Tazarar awa biyar ko shida da ke tsakanin Nijar da gabashin Amurka tana sa kiran ya same shi a tsakiyar zagaye ko a ɗan barcinsa. Azumi yana kama shi a bakin aiki, ya sha ruwa da dabino a tsaye, salla kuma a ɗakin kwanan masu gadi.

Hanyar Faransa ta fi kusa da mu a harshe, amma a wasu fuskoki ta fi ta Amurka rashin tabbas. Likitan da digirinsa ba na Tarayyar Turai ba ne yakan shiga ne a matsayin mai riƙe gurbin ɗalibin ƙwarewa, ko mai neman gogewa da kwantiragin wata shida da ake sabuntawa, da albashin da bai yi nisa da mafi ƙarancin albashin ƙasar ba, alhali shi ke riƙe da gadi a asibitocin da ƴan ƙasa suka guje wa. Kafin ya samu cikakken izini sai ya ci wata gasar jarrabawa ta auna ilimin baƙin likitoci da ake kira EVC, wadda ake ƙayyade yawan gurabenta a kowane fanni, sannan ya yi shekara biyu a ƙarƙashin kulawa, sannan kwamiti ya duba takardunsa. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna aiki ba su tsallake ba, har shugaba Emmanuel Macron da bakinsa ya yi alkawari a Janairun 2024 cewa za a daidaita matsayin irin waɗannan likitoci. Bambancin shi ne, a Amurka shiga ke da wuya amma wanda ya shiga ya san ranar fitarsa, a Faransa kuwa shiga ta fi sauƙi, ranar fita ce ba a sani ba. Dukan ƙofofin biyu ma sun ƙuntata ga ɗan Nijar: ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, a Disamban 2025 kuma gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta dakatar da shigar ƴan ƙasarsu. Wannan ya ƙara wa tsofaffin hanyoyi daraja, wato Dakar, Abijan, Kwatano, Maroko da Aljeriya, inda likitocinmu suka daɗe suna zuwa neman ƙwarewa, kuma inda baƙo yakan biya kuɗin rajista ya yi aikin asibiti da guzurinsa ko da tallafin karatu.

Saura maganar komowa, wadda a tsarin Amurka a cikin bizar kanta aka rubuta ta. Mafi yawan baƙin likitoci suna shiga da bizar J-1, kuma ba a ba da ita sai ma'aikatar lafiyar ƙasar mutum ta rubuta wasiƙa cewa tana buƙatar masu wannan ƙwarewa. Sharaɗinta shi ne idan ya gama ya koma gida ya yi shekara biyu. Sai dai a 1994, bisa shawarar sanata Kent Conrad na jihar Dakota ta Arewa, aka buɗe wata kafa: kowace jiha tana iya yafe wa wasu likitoci wannan sharaɗi, yanzu har 30 a shekara, idan suka yarda su yi shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci. Ma'ana, ƙasar da ta rubuta cewa tana buƙatarsa ta tura shi, ƙauyen Amurka da shi ma ke buƙatarsa ya riƙe shi, kuma ƙauyen ne ke da albashi. Nijar kuwa ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, tana kuma cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa bai kamata a riƙa zuwa ɗibar ma'aikatan lafiyarsu ba. Amma wannan jeri yana magana ne da gwamnatoci da kamfanonin ɗaukar ma'aikata, bai hana mutum ɗaya ya nemi hanyarsa da kansa ba.

Ban ga amfanin zargin wanda ya zauna ba, kamar yadda ban yarda cewa duk wanda ya zauna dole ce ta zaunar da shi ba. Abin lura shi ne lissafin shekaru. Shekara biyu ko uku na jarrabawa, uku na horo, biyu ko uku idan ya ƙara wani fanni, uku na biyan sharaɗin biza: mutumin da ya bar Yamai yana da shekara 30 zai kai 40 ko ya haura kafin ya samu ƴancin zaɓen inda zai zauna, a lokacin kuma ƴaƴansa suna makaranta da Ingilishi, ƙannensa a gida sun dogara da abin da yake aikowa. Wanda ya daure ya komo ma wani horon ke jiransa. Sai ya nemi a amince da takardar ƙwarewarsa, ya sake sabawa da rubuta rahoto da Faransanci, ya nemi gurbi a tsarin da abokan ajinsa suka riga shi hawa. A ɗakin marasa lafiya kuma, ya saba ya danna kwamfuta a yi gwaji ashirin kafin rana ta take, yanzu sai ya dubi ɗan majiyyacin da ke tsaye a bakin gado da jika goma a aljihu, ya zaɓi gwaji biyu da za su fi faɗa masa gaskiya, ya bar ragowar kuɗin don magani.